Ranar Da Na Hana Jama'a Gaida Inna Kande

Samarin da ke zama a bencin mai shayi a tashar Gumel sun iya danna waya, wannan ba na musu. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini tasa, yana murmushin wanda ya kama dattijo da ƙarya. Ya ce, "Baba Haladu, duba nan. Daga filin jirgin Kano zuwa na Damagaram wajen kilomita ɗari biyu ne kacal. Jirgi ko awa guda ba zai yi a sama ba. Wannan ce sana'ar da kullum kake cika mana kunne da wahalarta?"

Na karɓa na duba. Wani jan layi ne miƙaƙƙe, babu kwana, babu rami, babu saniya a kansa. Na ce masa wayarka ba ta yi ƙarya ba, saura ta nuna mana jirgin. Tun da nake, ban taɓa ganin jirgin haya da ke tashi daga Kano ya sauka Damagaram kai tsaye ba. Wanda ya nace sai ta sama, to sai a kai shi Legas, a zaga da shi wata ƙasar bakin teku, ya kwana a kan kujera, a kawo shi Yamai, sannan ya zauna jiran ranar da ƙaramin jirgi zai leƙo Damagaram. Shi ya sa ake nemanmu. Mu ne muke ɗauko mutum daga bakin wannan filin mu kai shi bakin wancan, ta Gujungu, Gagarawa, Gumel da Maigatari, kuma dole ya isa kafin a rufe ƙofa. Ku gyara zama in gaya muku yadda ake yi.

Aikin farko da na bi, ina yaron motar marigayi Alhaji Garba ne, mai wata tsohuwar Fijo mai dogon baya. Mun ɗauko wani ɗan kasuwar Damagaram da ya sauka Kano da dilolin yadi. Ni da ƙarfina na samartaka na ɗure kayan a baya, na ɗaure na sama da igiya tamau, na koma gefe ina jiran yabo. Alhaji ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce in kwance duka. Ya sa na tambayi mai kayan wace dila ce 'yan kwastan za su so su buɗe, wace jaka ce ke da takardu, wace ce ta tsarabar da za a sauke a hanya. Waɗannan su ne a sama, sauran a ƙasa. Ya ce wanda ya yi lodi don mota ta yi kyan gani, zai sake lodin a bakin iyaka, cikin rana, jama'a na kallonsa. Na daɗe ina lodi da wankin mota da duba ruwan lagireto kafin ya bar ni na riƙe sitiyari da fasinja a ciki.

A wurinsa na koyi auna hanya. Shi ba ya cewa awa kaza. In fasinja ya tambaye shi nisa, sai ya ce, "In muka bar Kano da hantsi, azahar a Maigatari, la'asar a Damagaram, in Allah ya yarda, in kuma ba ka da dangi a hanya." Mutane su yi dariya, su ɗauka raha ce. Ba raha ba ce. Kafin ya tambayi mutum yaushe jirginsa zai tashi, sai ya fara tambayarsa wa yake da shi a hanya. Rami ana kauce masa, taya ana canza ta, amma ƙanwar uwa da ta shimfiɗa tabarma ta dama fura, ban ga direban da ya isa ya wuce ta da fasinjansa ba.

Sai kuma abokin ƙofa. Akwai hanyoyin da suka fi tamu kusa, amma kowane direba da ƙofar iyakar da yake bi, domin a nan abokinsa na ƙetare yake jiransa. Motarka mai lambar Najeriya ta tsaya a Maigatari, tasa mai lambar Nijar ta karɓa, ba a ɓata lokaci wajen takardun mota. Nawa abokin Isuhu ne, wani dogo siriri mutumin Dungas, wanda ba ya magana sai dole. In na miƙa masa fasinja, ba kaya kaɗai nake miƙawa ba. Zan gaya masa wannan yana amai in an yi gudu, wannan ba ya so a kunna rediyo, wannan kada ka bari ya sauka sayen kilishi, in ya sauka sai ya taya duk tiren da ke garin.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma ranar da ka bar ɗaya a gida, ranar za ka neme shi. Taya biyu na ko-ta-kwana, ba ɗaya ba. Jak, shebur, igiyar ja, da katako biyu masu faɗi don yashi da taɓo. Buta biyu da tabarma. Bargo saboda tsofaffi, lemon tsami saboda masu tashin zuciya. Waya biyu, ɗaya da layin nan, ɗaya da na can. Na taɓa ɗaukar wani malamin makaranta da zai je Masar a duba masa ido, ya ga shebur a bayan mota ya ce, "Direba, noma za mu je ko filin jirgi?" Kafin mu kai Gagarawa shi da kansa ya karɓi shebur ɗin yana haƙa, babbar rigarsa a naɗe a wuya.

Fasinjoji kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan kasuwa da ke barci tun daga Gezawa, akwai ɗaliban da ke tambayar nisa a kowace kwana, akwai marasa lafiya da za ka riƙa lallaɓa mota kamar ka ɗauko ƙwai. Na ɗauki wani alhaji ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, jirginsa na jira a Kano, ya hango wani farin rago ya ce in tsaya ya taya. Na ce, "Alhaji, ragon nan zai kai wani mako, jirgin ba zai kai ba." Ya yi fushi har Gujungu, daga baya kuma shi ya riƙa turo mini abokansa.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce ta kusa raba ni da sana'ar. An sa shinge, an ce ba shiga ba fita. Wayata ta layin can ta yi shiru har na daina yi mata caji. Na cire kujerun baya, na koma ɗaukar buhunan riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa zuwa rumbunan Maigatari. Motar da ta saba ƙamshin turaren alhazai ta koma ƙamshin buhu, ƙasanta yana goga hanya. Abokan aikina da dama sun sayar da nasu sun sayi adaidaita. In na sauke kaya, nakan taka zuwa bakin shinge, wata ran in hango Isuhu daga can nesa a tsaye kusa da motarsa, mu ɗaga wa juna hannu, kowa ya juya. Ya aurar da 'yarsa a shekarar, ban samu zuwa ba. Da aka buɗe, na mayar da kujerun, na wanke motar da omo har sau uku, na zauna jiran kira.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne a daminar da ta biyo baya. Wata Laraba da yamma wata mata mai suna Balkisa ta kira ni daga Kano. Ta ce gobe da sassafe kakarta, Inna Kande, za ta sauka daga Makka, inda ta zauna shekaru masu yawa. Ɗanta guda ɗaya tal, Mamman Sani, mahaifin ita Balkisar, yana kwance a asibiti a Yamai. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu. Likitoci sun ce a yanke ta, in aka wuce safiyar Juma'a ruɓar za ta shiga jini, daga nan ba su da abin yi. Shi kuwa, dattijo mai furfura, ya kafe cewa babu mai taɓa ƙafar nan sai uwar da ta haife shi da ita ta zo ta gani. An haɗa su ta waya, ta ce ta yarda, ya ce shi da idonta yake so ta gani. Tikitin da aka samu cikin gaggawa na Kano ne. Ƙaramin jirgin da ke zuwa Yamai daga Damagaram kuma zai tashi ranar Alhamis ɗin bayan la'asar, in ya wuce sai wani makon. Ta mota kuwa, daga Damagaram zuwa Yamai yini ne da dare, tsohuwar ba za ta iya ba.

Na ce, "Wa take da shi a hanya?"

Ta ce, "Babu kowa, Baba. Sai wata gwaggo a Gagarawa, ita ma fura kawai za ta miƙo mana ta taga."

Balkisa a Yamai ta girma. Iya abin da ta sani ta faɗa mini.

Da hantsi suka fito daga filin jirgin Kano. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce cikin farin hijabi, wani ma'aikaci na biye da ita da keken guragu, ita kuma ta ƙi hawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne direban? Ka karya kuwa? Ni ba na shiga motar mayunwaci." Na ce na karya, Inna. Na sa jarkar zamzam a ƙarƙashin ƙafarta, jakar takardu a cinyar Balkisa, muka kama hanya. Har Gujungu tafiya ta yi kyau, ina ma cewa a raina za mu isa da sauran lokacin shan ruwa.

Tun daga nesa na hango tabarmi a bakin titin Gagarawa. Na ɗauka ɗaurin aure ake yi. Mata da goyo, maza da manyan riguna, kwanuka a jere a rufe da faifai. Ina rage gudu sai na ji an saki guɗa, aka yi wa motar zobe. Ashe Inna Kande ungozoma ce. A Gagarawa aka haife ta, ta yi aure a Gumel, ta zauna Maigatari kafin mijinta ya ƙetara da ita, kuma duk inda ta zauna ita ake bugawa ƙofa in naƙuda ta tashi. Rabin mutanen da ke tsaye a wurin ita ta yanke musu cibiya. Gwaggon da aka ce ta dama fura ta gaya wa maƙwabciyarta kawai, shi ke nan.

Aka fito da ita aka zaunar. Wani ƙato mai gemu ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne na Hansai, wanda aka haifa ranar ruwan ƙanƙara." Ta kama kansa ta ce, "Kai ne ka zo da cibiya a wuya. Ina Hansan?" Ya ce ta rasu. Aka yi addu'a. Na bayansa ya matso, shi ma da tasa uwar, da tasa addu'ar. Ga kaza an yanka, an ce sai ta taɓa. Ni kuwa ina kallon inuwar motata tana ta shigewa ƙarƙashinta. Wani mai babur ya tsaya ya ce mini, cikin murna, ai a Gumel ma an taru a wuri biyu, a Maigatari kuwa ba a magana. Sai na ga ƙafar Mamman Sani da ransa suna zubewa a bakin titi, gaisuwa bayan gaisuwa.

Na sunkuya kusa da kunnenta na ce, "Inna, jirgi."

Ta ce a hankali, "Na sani, ɗan nan. Zuciyata tana Yamai tun jiya. Amma da wane baki zan ce wa waɗannan su tashi? A hannuna suka fara kuka." Sai ta dube ni da kyau. "Kai ɗan wa ne?"

Na ce ɗan Ta'annabi ne, ta Ɗanzomo.

Ta ɗan yi tunani ta ce, "Ban san ta ba. Ba ni na karɓe ka ba. To alhamdu lillahi, kai ba ka jin nauyina kamar su. Ni ba zan iya ba, kai ka iya."

Na nemi gwaggon mai fura, sunanta Ladi, ita ce babba a matan wurin. Na durƙusa a gabanta na gaya mata maganar ƙafar Mamman Sani, domin ashe ba wanda ya sani, an ɗauka Inna gida kawai ta dawo. Ta dafe ƙirji ta yi salati. Na ce, "Gwaggo, ki shiga mota ki zauna kusa da ita. Gaisuwarki da ta duk matan garin nan, ki yi ta muna tafiya. Kwanukan a sa a baya. Wanda bai samu gaisawa ba ya biyo mu Maigatari, bakin iyaka, gindin darbejiyar nan ta kusa da shinge. A can dole mu tsaya a buga takardu, ko mun so ko mun ƙi. Wannan tsayuwar taku ce."

Gwaggo Ladi ta miƙe ta yi magana biyu, aka naɗe tabarmi. Ina tuƙi da hannu ɗaya na kira shugaban 'yan kamasho na tashar nan ta Gumel, na ce a aika wuraren biyun da aka taru a Gumel, a ce Inna ba za ta tsaya ba, kowa ya nufi darbejiyar Maigatari. Na kira Isuhu na ce ya juya motarsa ta kalli arewa, ya bar ta a kunne. A baya kuwa tsofaffin nan biyu suna ta lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi jikoki, suna kuka suna dariya, Inna tana cin cinyar kaza. Muka ratsa Gumel ban taka birki ba. Da na duba madubi, sai ga babura da adaidaita sun jeru a bayana kamar masu rakiyar amarya.

Duk direba yana tsoron Alhamis a Maigatari. Tirelolin shanu sun toshe titi, raƙuma na ketawa yadda suka ga dama, masu awaki na ja, awakin na ja. Amma ranar kasuwar nan ita ta taimake ni, don mutanen Sule Tankarkar da na ƙauyukan gefen duk suna cikinta, ba sai an je nemansu ba. Muna isa aka kira azahar. Na shimfiɗa wa Inna tabarmata a gindin darbejiya, na ce a yi layi, maza nan mata nan, kowa ya faɗi sunan uwarsa ya wuce, addu'a kuma guda ɗaya za a yi ta kowa da kowa. Wani malamin tsangaya ya karɓi wannan aikin, ya kuma ce wa Inna ta haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ce. Ni da Balkisa muka shiga ofis da fasfo. Jami'in da ke kan tebur mutumin kudu ne, ya fito don ya ga fuskar mai fasfon, ya ga taron, ya tambaye ni ko 'yar siyasa ce. Na ce a'a, ungozoma ce. Ya daɗe yana kallonta kafin ya koma ya buga hatimi.

Takardu suka kammala, layi bai kai rabi ba. Wasu ma yanzu suke sauka daga babura, suna gyara huluna. Isuhu ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Haladu, akwai hadari a gabas, kuma abiyon nan ba shi jiran kowa." Abiyo shi ne jirgi a bakinsu. Na dubi Inna. Hannunta na kan wata mata tana shafa mata kai, amma idonta a kaina yake.

Ban taɓa yin magana a gaban taro ba, ko a ɗaurin aure ni mai cewa amin ne. Na hau kan wani buhun gero na ɗaga murya. Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, gaisuwa ta ƙare." Wani dattijo ya ce, "Kai wane ne?" Na ce, "Direba ne. Ranar da aka buga mata ƙofa saboda uwar kowane ɗayanku, ba ta tsaya gaisuwa a hanya ba, da ta tsaya da wasunku ba sa nan. Yau nata ɗan ne a kwance a Yamai, ya ce ba za a yi masa aiki ba sai ta zo. In jirgin nan ya tashi babu ita, ba gaisuwa za ku sake taruwa yi mata ba, ta'aziyya ce."

Na ji kunyar kalmar ƙarshen nan tana fita daga bakina, amma ta riga ta fita. Dattijon da ya tambaye ni ya sunkuyar da kai, sannan ya juya ya daka wa na bayansa tsawa, "To me kuke jira? Ku buɗe hanya!" Mata huɗu suka ɗaga Inna cak da tabarmar, suka kai ta har kujerar Isuhu. Samari suka ruga gaba suna kora shanu da raƙuma gefe, makiyayan ma suka sa sanda suka taya su. Titin da kan ci mini rabin yini ranar kasuwa ya buɗe fetal har shingen can.

A al'ada nan aikina ya ƙare. Na fara gaya wa Isuhu cewa ba ta son iska a kunne, sai na ji an riƙe mini hannun riga. Inna ta ce, "Ina za ka? Ai ba ka sauke ni ba tukuna." Na jefa wa wani ɗan kamasho da na sani makullin motata, na ce ya mayar da Gwaggo Ladi gida, na kwaso katakona biyu da shebur, na shiga gaba kusa da Isuhu.

Ruwan ya same mu bayan Dungas, inda kwalta ta ƙare. Akwai wani kwari da ke cika in an yi ruwa mai ƙarfi, muka tarar da motoci biyu a bakinsa suna jiran ya janye. Isuhu ya fito daga mota. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi sandar wani makiyayi ya shiga ruwan da ƙafa, yana caka ƙasa yana tafiya, har ya ƙetare ya dawo ta wani gefen. Ya nuna mini wuri ɗaya mai laushi, na shiga na kafa katakon a nan, na tsaya a kai ruwa har gwiwa don ya san inda zai saita taya. Ya sa giya ɗaya, bai ƙara wuta ba bai rage ba, ya wuce ta gabana a hankali, ruwa na lasar ƙofa. Ta taga na hango Inna, idonta a rufe, carbi na tafiya a hannunta. Katakon ɗaya ya bi ruwa, ban ko bi ta kansa ba.

Daga nan Isuhu ya nuna wa motarsa abin da ya saye ta dominsa. An riga an yi la'asar lokacin da muka hango duwatsun Damagaram. Da muka shiga filin jirgi, ga shi can a tsaye, ɗan ƙarami mai farfela biyu, fasinjoji sun riga sun fara takawa zuwa gare shi. Mutumin da ke kan teburin tikiti yana tattara takardunsa. Balkisa ta ruga da tikiti a hannu, hijabinta na tashi, Isuhu na biye yana zuba masa Faransanci, maganar da ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Mutumin ya dube mu, ni jiƙe sharkaf da taɓo har cinya, ya dubi tsohuwar, ya ɗauki wayarsa ta oba-oba ya yi magana. Aka kawo keken guragu, nan ma ta ƙi. Ta kama hannun jikarta ta nufi jirgin da ƙafarta, da saurin da ban zaci tana da shi ba. Ba ta waiwayo ba, ba ta ce mana sai wata rana ba, kuma wallahi na ji daɗin hakan.

Ni da Isuhu muka tsaya a jikin wayar shingen filin har jirgin ya ɗaga. Tafiyar da ta fi wadda muka yi nisa nesa ba kusa ba, kafin a kira isha a gidan Isuhu har Balkisa ta bugo ta ce sun sauka.

Ranar Juma'a da rana ta sake kira, ita ta ba ni labarin abin da ya faru a asibiti. Ta ce Inna ta shiga ɗakin ba ta ko zauna ba, ta ce a yaye zanen. Ta dubi ƙafar da kyau, ta taɓa ta da hannunta, yadda take taɓa cikin mai naƙuda. Sannan ta ce, "Mamman, na gani. Da biyu na haife ka, sun kai ka duk inda za su kai ka. Ni kai nake so, ba ƙafa ba. Ka bari su yanke." Ya ce, "To, Inna." Shi ke nan abin da ya ce, bayan ya shafe kwanaki yana faɗa da likitoci. Da safe aka shiga da shi, ya fito lafiya. Na ajiye wayar na yi sujada a kan simintin tasha, masu shayi suna kallona.

Bayan kaka, an gama yankan gero, Isuhu ya kira ni ya ce in zo ƙofa akwai fasinja, amma wannan ba jirgi zai kama ba, ya zo ne ya zaga dangin uwarsa. Na je na tsayar da mota a inda na saba. Tsakanin inda nake tsayawa da inda Isuhu ke tsayawa akwai 'yar tazara, yashi ne da kashin shanu, fasinja mai lafiya ma yakan yi tsaki kafin ya gama ta. Na ga an buɗe ƙofar baya, sanduna biyu sun fara fitowa, sannan wani dattijo mai furfura, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an soke ta da fil. Sai na gane Mamman Sani ne. Wani mai babur ya matso zai ɗauke shi, ya girgiza kai. Ya tambayi Isuhu wani abu, Isuhu ya nuno ni.

Na taho da sauri zan tarye shi. Ya tsaya, ya jingina da sanda ɗaya, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Malam Haladu, tsaya nan inda kake. Kai ka riga ka yi naka gudun. Bar ni in zo da kaina."

Na tsaya. Yana kafa sanda a yashi tana nutsewa, yana zaro ta, yana jefa ƙafarsa guda gaba, gumi na bin gemunsa. Wani mai raƙumi ya ja akalarsa ya ba shi hanya. Ya daɗe kafin ya iso, ni kuwa ban matsa ko taku ɗaya ba. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan, ban taɓa jin daɗin jiran fasinja kamar na ranar ba.